Dakon Albasa

Sodangi ya jingina buhun albasa da gindin wata tsamiya, ya dafa ƙugu da hannu biyu, ya miƙe a hankali har bayansa ya yi ƙara. Hantsi bai gama dubawa ba, amma gumi ya riga ya jiƙa masa tsohuwar taguwarsa. Ya waiga, sai ya ga ashe har yanzu yana hango rumbunan Boɗinga. Kasuwar Shagari kuwa tana can gaba, da nisan da bai taɓa lura da shi ba a da, domin a da ba shi ke ɗaukar kayan ba.

Jakinsa ne ke ɗauka. Jaki ne fari tas mai ƙarfin ƙirji, wanda ya san hanyar Shagari har in Sodangi ya yi gyangyaɗi a kansa ba ya ɓata. Da kaka wani ya kwance shi daga turke ya yi gaba da shi. Ba a ga jakin ba, amma an ga akumarinsa a kasuwa a hannun wani saurayi ɗan Shagari mai suna Ɗanbaba, Sodangi kuwa ya shaida shi da facin baƙin zanen da matarsa Zulai ta yi masa. Alkalin Boɗinga ya yanke wa Ɗanbaba shekara guda a gidan yarin Sakkwato. Ranar Sodangi ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai, duk wanda ya gamu da shi sai ya tsayar da shi ya ba shi labari. Sai da albasa ta nuna a fadama da bazara sannan ya lura cewa a cikin hukuncin nan kaf babu inda aka ambaci wanda zai kai masa kaya kasuwa.

Yana nan yana fifita da hula sai ya ji waƙa tana tasowa ta hanyar Sakkwato. Can sai ga ayarin fursunoni cikin fararen riguna marasa hannu da gajerun wanduna, wasu da diga a kafaɗa, wasu da kwanon sarki na ɗibar ƙasa a ka. Gandurobobi biyu na biye da su da kulake. Da suka iso inuwar, babban ganduroban, wani dogo mai gashin baki, ya ɗaga kulki ya ce a huta.

Sodangi ya ja buhunsa kusa da ƙafarsa.

"Baba Sodangi! Ina kwana? Ina gajiya? An tashi lahiya?"

Wani fursuna ne ya durƙusa a gabansa yana washe baki, kumatu cike, wuya ya yi kauri, fata tana sheƙi.

"Wane ne wanga?" in ji Sodangi.

"Haba Baba, ni ne Ɗanbaba. Na wajen jaki."

Sodangi ya daɗe yana kallonsa. Wanda ya gani a gaban alkali siriri ne kamar sillen kara, ƙashin wuya a waje. Wannan kuwa in aka ce ɗan dambe ne babu mai musu.

"Kai ne kay yi wanga jiki?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Ina Inna Zulai? Ka gaishe ta. Wallahi ta iya faci."

Babban ganduroban ya fashe da dariya, ya zo ya zauna a kan saiwar tsamiyar. Sunansa Bawa, mutumin Dingyaɗi ne, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama bara waccan. Suka gaisa da Sodangi, ya ce za su gyaran wani kadarko ne da ya karye dab da Shagari, ana so a gama kafin ruwa ya sauka.

"Malam Bawa," in ji Sodangi, "ni na ɗauka wahala anka kai shi sha."

"Yana sha mana. Ba ka ga diga ba?"

"Diga? Ni da ban saci komi ba, kullum da hauya nike kwana. Mi kuke ba shi?"

Ɗanbaba ne ya amsa, yana lissafawa da fara'a kamar mai ba da labarin gidan biki. Tuwo safe da yamma. Nama ran Juma'a. In ciki ya murɗa akwai magani. Kuma lokaci-lokaci Likita Bature yakan zo a ɗora su bisa sikeli ɗaya bayan ɗaya kamar buhunan gyaɗa, wanda duk aka ga ya rame sai an tuhumi yari.

Sodangi ya juya wajen Bawa. "Da mi aka sayen hatsin?"

"Daga baitulmalin En'e."

"Baitulmali kuma wa ka cika ta?"

"Masu biyan haraji."

"Wato ni."

"Har da kai."

Sodangi ya ɗora hannu a ka. "Ya ci jakina, bai ƙoshi ba, yanzu yana cin harajina, har da nama ran Juma'a. Ni rabona da nama tun layya."

Bawa ya ɓare goro ya miƙa masa tsagi guda, ya ce ya kwantar da hankalinsa, abin yana da dalili. Kwanan baya Joji ya ziyarci gidan yari, ya tara su ya yi musu bayani ta bakin tafinta. Ya ce gidan yari ba wurin ramuwa ba ne, kamar asibiti yake, sai dai shi hali ake gyarawa. Mutum ya shiga da mugun hali, a koya masa sana'a, ya fito ya ci halalinsa.

"To, shi wace sana'a anka koya mishi?"

"Tufkar igiya," in ji Ɗanbaba, cike da alfahari. "Duk gidan babu mai tufka irin tawa."

"Igiya!" Sodangi ya miƙe tsaye bai sani ba. "Ɓarawon jaki anka ɗauka anka koya ma igiya? Mi ya rage, ku ba shi takalmin gudu?"

Fursunoni suka kwashe da dariya, har ƙaramin ganduroban ya juya baya yana tari.

Bawa ya ce to ya bar ta Joji, ya ɗauki ta alkali. Ai alkali ya faɗa a gaban kowa cewa ana ɗaure ɓarawo ne don saura su gani su ji tsoro.

"Su gani a ina?" in ji Sodangi. "Yana can bayan katanga a Sakkwato. Wa ya gani? Tun da anka ɗaure shi jakai nawa sunka ɓace a Sifawa? Je ka tambaya."

"Ka ji ko, Baba," in ji Ɗanbaba. "Ni ƙarami ne cikin sana'ar. Sai da na shiga can nig ga manya. Da na ba su labarin akumari sai da sunka yi mako suna min dariya. Sun ce akumari ƙona shi aka yi, jaki kuma in fari ne a shafe shi da..."

Bawa ya ɗan taɓa shi da kulki a ƙeya, ya yi shiru.

"To kai fa, Malam Bawa, mi kag gani?" in ji Sodangi.

"Ni?" Bawa ya tofar da tukar goro. "Ni abin da na sani, yadda na fito da su da safe in mai da su haka, ba ragi. Wanda ke hannuna yau ba shi satar jakin kowa yau. Gobe kuma ta Allah ce."

Sodangi ya dubi buhunsa, ya dubi kaurin wuyan Ɗanbaba, ya sake duban buhun. Wani tunani ya faɗo masa, ya ji daɗinsa har cikin ƙashi. Ya ja Bawa gefe, ya rage murya. Tun da dai hanyarsu ɗaya, kuma tun da wannan ƙato shi ya raba shi da jakinsa, me zai hana yau ya zama jakin? Ya ɗaukar masa buhun nan har cikin kasuwar Shagari.

Bawa ya girgiza kai, ya ce babu wannan oda. Fursuna dukiyar En'e ne, ba a ara wa kowa.

Sodangi bai yi gardama ba. Ya kwance bakin buhu, ya zaro albasa manya jajaye masu wuya a bushe, ya jera su a kan cinyar Bawa. Bawa ya ɗauki ɗaya ya jinjina, ya shinshina. Ya ce da ya sake tunani, oda ba ta hana fursuna taimakon dattijo a kan hanya ba.

Ɗanbaba ya miƙa wa wani fursuna kwanon sarkinsa, ya sungumi buhun ya ɗora a ka kamar matashin kai. Aka kama hanya. Sodangi ya rataya ƙunshinsa a kafaɗa, ya karyi tsumagiyar sabara, ya bi shi a baya yana kaɗa harshe yadda yakan yi wa jakinsa. Ya so abin ya ƙona wa Ɗanbaba rai. Maimakon haka sai Ɗanbaba ya buɗe baki ya yi kukan jaki, ya kuma yi shi daidai, har wani jaki na gaske ya amsa masa daga cikin wata gona. Ayari ya ruɗe da dariya. Sodangi ya yar da tsumagiyar cikin haushi.

Da suka yi nisa ya matso kusa da shi. "Kai, faɗa min gaskiya. Ina jakina?"

"Fatake na sayar ma, Baba, masu zuwa Yawuri. Yanzu ƙila ya ƙetare Kwara."

"Yunwa ce ta sa ka?"

"In na ce yunwa na yi ƙarya. Riga na saya da takalmi, saura na yi ma makaɗa kari. Ranar sun kira sunana har magariba."

"Ina rigar?"

"'Yan doka sun riƙe, wai shaida."

Da yunwa ce da Sodangi ya san yadda zai ji. Ya ci gaba da tafiya hannu a baya, iska tana ratsa taguwarsa, ya yarda a ransa cewa ko ba komai tafiya ba kaya tana da daɗi.

Rana ta kusa tsaka suka iso kadarkon. Daga nan ana jin gunjin kasuwa, ana hango mata da ƙorai a ka suna shiga gari. Fursunoni suka zubar da kayan aiki. Ɗanbaba ya sauke buhun a bakin hanya ya karkaɗe hannu.

"To, Baba, Allah shi ba da kasuwa."

"Ɗauki," in ji Bawa. "Har cikin kasuwa munka yi da shi. Ni ma ina son taba." Ya bar wa ƙaramin ganduroban sauran mutanen.

Dariyar da ke fuskar Ɗanbaba tun safe ta ɗauke ɗif. Ya dubi Bawa, ya dubi garin, sannan ya zube a gaban Sodangi, wannan karon gwiwa biyu a ƙasa.

"Baba, don Allah. Ka karyo wata tsumagiyar ka dake ni nan, ba ni cewa uffan. In ka so in kai ma buhun Jega bisa kaina. Amma ban da kasuwag ga."

"Don mi?"

"Innata tana bakin kasuwa. 'Yan'uwana sun ce mata na tahi cin rani Gwanja. Ba ta sani ba, Baba. In tag gan ni cikin wagga riga..."

Bai ƙarasa ba. Sodangi ya tsaya a kansa yana kallonsa a zube yana roƙo. Ga shi nan dai a ƙarshe, abin da ya yi ta jira tun kaka, abin da katangar Sakkwato da diga suka kasa. Ya ji wani sanyi a zuciyarsa.

"Alkali ya ce don a gani," ya ce. "To yau a gani. Ɗauki mu tahi."

Ɗanbaba ya ɗauka. Buhun da ɗazu yake wasa da shi yanzu sai da ya yi yunƙuri biyu. Suka nufi gari, shi a gaba, Sodangi a baya, Bawa a gefe. Sodangi yana ganin gumi na bin bayan wuyansa. Ya nemi daɗin nan da ya ji ɗazu, ya tarar ya fara tsami.

"Wace ce innar taka?" ya tambaya, don dai ya kori shirun.

"Hajjo. Mai daddawa."

Sodangi ya ja ya tsaya. "Hajjo ta gindin durumi? Ƙarama, mai tsagen goshi?"

"Ita."

Shekara da shekaru Sodangi bai taɓa barin kasuwar Shagari ba sai ya biya wajen Hajjo. Zulai ba ta yarda da daddawar kowa sai tata. Tsohuwa ce mai baki, takan zage shi a kan rowa, sannan ta ƙara masa gyara ta ce ya gaida mutan gida. Ko a makon jiya ta tambaye shi jakinsa, ya zauna ya zayyana mata yadda aka ɗaure wani lalataccen yaro, ya tsine wa uwar da ta haife shi, ita kuwa tana ta ƙulla daddawa ba ta ce komai ba.

Ya yi tsaki mai tsawo. Ya sauke ƙunshin da ke kafaɗarsa ya kwance. A ciki akwai rigarsa ta shiga kasuwa, shuɗiya mai aiki a wuya, wadda yakan ɗauko a naɗe sai ya iso bakin gari ya saka don kada gumi ya ɓata ta.

"Sauke. Sa wagga. Ba don kai ba, ka ji ko? Kai ko a rataye ka ban damu ba."

Bawa ya ɗaga kulki ya ce wannan kam oda ta hana ƙarara, fursuna ba ya sa kayan gida. Sodangi ya dube shi, ya sake kwance bakin buhu. Bawa ya cika aljihunsa na biyu, ya ce zai riƙa binsu daga nesa-nesa kamar mai cefane.

Rigar ta sauko wa Ɗanbaba har ƙauri, ta rufe gajeren wandon. Sodangi ya cire hularsa ya kifa masa a kan askin gidan yari. Haka suka shiga kasuwar Shagari, ɓarawo cikin rigar Sallah, mai kaya a bayansa cikin yagaggiyar taguwa, kai ba hula.

Mutane suka fara juyowa. Wani mahauci ya buɗe baki zai yi magana, Bawa ya yi gyaran murya daga rumfar masu taba, mahaucin ya koma kan namansa. Hajjo tana zaune a gindin durumi tana korar ƙuda da faifai. Ɗanbaba ya sauke buhun, ya durƙusa.

"Inna, ina wuni?"

Ta daɗe tana dubansa, daga hula har ƙafa. Sannan ta kama fuskarsa da hannu biyu.

"Ɗanbaba? Yaushe a gari?"

Ya ce wucewa yake, maigidansa na Gwanja ya aiko shi Sakkwato, yau ɗin nan zai juya, a hanya ne ya ga dattijo yana fama da kaya ya ce bari ya taimaka. Maganar tana fita yana kallon ƙasa.

"Gwanja ta karɓe ka," in ji Hajjo. "Dubi wuya." Sai ta juya kan Sodangi, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji. "Kai kuma Sodangi, ba ka jin kunya? Ka dubi mutum da riga irin wagga ka ɗora mai albasa? Dube ka kamar wanda anka kora daga gona. Ka ba shi ladansa?"

"Lada?" in ji Sodangi.

"Au, banza ka so? Tun daga ina yaɗ ɗauko?"

"Tun daga... kusa da Boɗinga."

"Boɗinga! Jama'a kun ji!" Ba ta jira ba, ta jawo buhun, ta zura hannu har gwiwa, ta riƙa zaɓo manya tana jerawa a ƙwaryarta. Sodangi ya buɗe baki, ya dubi Ɗanbaba da ke durƙushe, ya rufe. Sai da ƙwaryar ta yi tozo sannan ta rufe ta da faifai.

Bawa ya gifta ta gabansu yana kaɗa kulki a cinya. Ɗanbaba ya gane, ya ce wa uwarsa abokan tafiya na jiransa. Ta dafa kansa ta yi masa addu'a, ta ce ya riƙe sallah, ya kuma riƙe hannunsa. Da ya zo wucewa ta gaban Sodangi ya ɗan tsaya kamar zai yi magana, sannan ya wuce. Bawa ya raɗa wa Sodangi cewa in ya tashi komawa ya biya ta kadarko ya karɓi rigarsa da hularsa. Suka bi ta layin masu tukwane suka ɓace.

Sodangi ya ja ragowar buhunsa zai nufi layin masu albasa.

"Sodangi," in ji Hajjo. Wannan karon muryarta ƙasa-ƙasa take. "Matso."

Ya matso ya tsuguna.

"Rigag ga na san ta. Kowace kasuwa da ita kake zuwa kana min rowa." Ta ci gaba da ƙulla daddawa a ganye ba ta dube shi ba. "Tun ran da anka kama shi na ji. A bakin kasuwa nike zaune, mi za a ɓoye min? 'Yan'uwansa sun ce Gwanja, na ce to, Gwanja."

Sodangi ya ji kunya ta rufe shi, ya tuna abin da ya faɗa mata makon jiya. Ya yi ta wasa da igiyar buhu. Can ya ɗago.

"To, in kin sani, albasar fa?"

"Albasa ladan dako ce. Ya ɗauko ko bai ɗauko ba?"

"Ya ɗauko."

"To."

Ta tura masa ƙullin daddawa, ta ɗora wani a kai, ta ce na Zulai ne, ya bar kuɗinsa. Ta goge ido da gefen mayafi da sauri, ta ɗauki faifai ta koma korar ƙuda.

"In ka biya ta kadarkon," ta ce, "kada ka faɗa mishi na sani."

Sodangi ya gyaɗa kai. Ya cusa daddawar a ƙunshinsa, ya ɗaga buhun da yanzu hannu ɗaya ke iya ɗauka, ya tafi neman inuwar da zai baza kayansa.